Tambayar da Ban Kai wa Baffa Hamidu Ba

Shekara tara ke nan cif da muka kai Baffa Hamidu makwancinsa a bayan Durba, ƙarshen damina, dawa ta fara ja. Surukina ne, mahaifin matata Habiba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan je a yi masa addu'a, in zauna a gefen tabarma ina sauraren mutane suna maimaita maganar da suka saba, wato likita ne ya kashe shi. Ni kuma sai in gyaɗa kai. Bana na gaji da gyaɗa kan, shi ya sa na roƙi wannan fili.

Baffa Bafulatani ne na zaune, yana da shanu yana da gona. Dogo ne siriri, magana ba ta dame shi ba, kuma ban taɓa ganin mutum mai wuyar yarda kamarsa ba. Bai yarda da takin buhu ba sai da ya ga gonar maƙwabcinsa shekara biyu a jere. Bai yarda da allurar shanu ba sai da aka fara da na wasu. Idan ya shiga kara, wato kasuwar shanu, sayen saniya, dillalai har fuska suke haɗewa, domin ba ƙaho yake dubawa ba, ba tozo ba. Tsayawa yake yi a bayanta yana jira ta yi kashi, sannan ya tsuguna ya sa bakin sandarsa ya tona. In ya ga majina ko ɗigon jini, sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya yi gaba, ko da kuwa za a ba shi ita rabin kuɗi. Mutane daga Zinyau da Unguwar Gai sukan aiko a kira shi ya duba musu dabba idan ta fara rama. Ni malamin makaranta ne a Rano, a lokacin ina jin kaina, wannan tone-tonen dariya yake ba ni.

Shekara goma sha takwas na yi ina auren 'yarsa yana raye, ban taɓa ganinsa yana cin abinci ba. In na yi sallama yana shan fura, sai ya ajiye ƙwaryar ya rufe da faifai har in tafi. Bai taɓa kama sunana ba, Malam kawai yake ce mini. Ni ma in na hango shi a hanya sai in cire takalmi in tsuguna, mu gaisa kowa yana kallon wani wuri. Haka surukuta take a wajenmu, a gidansu kuma ga fulako, kunyar Fulani, an ƙara a kai. Ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba. Gaskiya ma ina alfahari da shi, ina ganin na fi abokaina da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon ƙwallo.

Akwai ciwon da Baffa ya daɗe da shi tun kafin in shigo gidan, irin ciwon da kowa ya sani amma ba mai ambato. Yakan taso masa ya yi makonni. Sai ka ga ya rame, idanunsa sun faɗa, yana yawan ɗaukar buta yana zagayawa bayan kara. Daga baya ya lafa kamar ba a yi ba. A gida basir ake ce masa, domin mu duk abin da ya sauka ƙasa da cibiya basir ne. An sha sabara, an sha saiwoyi iri-iri, har wani mai kemis a Rano ya ba da wasu 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi. Su kam da ya sha cikin yake kwantawa. Daga nan ya riƙe su.

Wa yake sayo su? Ni. Habiba takan miƙo mini fankon maganin a naɗe cikin takarda ta ce, "Na Baffa ne." Ba na tambaya, ba ta ƙarawa. Wata rana mai kemis ɗin yana ƙulla mini su a leda ya ce, "Har yanzu jinin bai tsaya wa tsohon ba?" Na ce da sauƙi, na karɓa na fita. To kun ji, ba zan iya cewa ban sani ba. Na san da gudawar, na san da jinin, na san da ƙwayoyin, kuma na yi shekaru ina ɗauko su a aljihun gaban rigata.

Sai ga wata sabuwar larura, fitsari ya tsaya masa cak. Wanda ya ɗauke shi a babur zuwa asibitin kusa shi ne Baba Iro, taubashinsa, ɗan goggonsa da ta auri wani manomi a Unguwar Gai. Baba Iro mutum ne mai bakin tsiya. Shi kaɗai ne a duniya zai cire wa Baffa hula a tsakiyar kasuwa ya ce yana neman kwarkwata, Baffa kuma ya bi shi da sanda yana dariya. Tsakanin taubasai ba kunya, ba abin da ba a faɗa. A asibitin aka sa wa Baffa robar fitsari, aka ba da takarda zuwa birni. Bayan gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne ya kama wani ɗan ƙullin nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda likitoci suke kira furostet, kuma tun da bai bazu ba za a iya yin aiki a cire shi.

Aka zauna a gida don a fitar da wanda zai shiga da shi wajen babban likita. Baba Iro ya ce shi ne mana. Baffa Yero, ƙanen Baffa Hamidu, ya ce a'a, Iro ko baƙi bai sani ba, zai je ya yi ta sakin baki a gaban manyan mutane ya ja musu raini. Ga Malam nan mai Turanci. Baba Iro ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Suruki za ku tura ɗakin likita? To ku haɗa shi da faifai ya rufe fuska." Aka yi dariya, aka ce Iro ba ya rabo da shaƙiyanci. Ni ma na yi dariyar, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi da aka zaɓe ni.

Ba zan kama sunan asibitin ba. Likitan mutumin Kudu ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka ni ne tafinta. Ya karanta takardun, ya yi bayanin aikin, na mayar wa Baffa da Hausa iyakar iyawata. Maganar fitsari duk tana rubuce, ba a bukaci bakina ba, na yi hamdala a raina. Sai ya ɗauki biro ya jero wata doguwar tambaya. Ko tsohon yana da daɗaɗɗen ciwon ciki? Ko yana yawan gudawa? Ko yana ganin jini ko majina a bayan gida? Yana magana yana nuna mararsa da hannu, har ya kai hannun baya.

Na juya na dubi Baffa. Yana zaune a miƙe, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa, idonsa a kan bango. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baffa, wai ko akwai wani abu da ke damunka ban da wannan?"

Ya ce, "Alhamdulillahi, Malam."

Na juya na ce wa likita babu. Ya sake tambaya ko akwai maganin da yake sha kullum. Na san in na ambaci ƙwayoyin za a ce na mene ne, mu koma inda na gudo. Sai na ce, "Wai ko akwai maganin da asibiti suka ɗora ka a kai?" Baffa ya ce babu, kuma gaskiya ya faɗa. Ƙwayoyin kuwa suna cikin wata 'yar batta a aljihunsa, ni na sayo su kwana biyu kafin tafiyar. Likitan ya ɗan tsaya yana kallona kafin ya rubuta. Shekara tara ina juya wannan kallon a raina, har yau ban gama sanin abin da ke cikinsa ba.

Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka ce. Bayan la'asar likitan ya kira ni, ya juya bayan wata takarda ya yi mini zane. Ya ce furostet a jingine yake da ƙarshen hanji, ɗan siririn shamaki ne kawai a tsakaninsu. A mai lafiyayyen hanji ana iya raba su a hankali. Na Baffa kuwa ya tarar sun manne, bangon hanjin ya kumbura ya yi laushi kamar takardar da ta sha ruwa, wajen rabawa ya yage. Ya ce ya ɗinke, amma bai ji daɗin naman da ya ɗinka ba. Sannan ya ajiye biron ya ce, "Wannan hanjin ya daɗe da ciwo. Ba ku sani ba?" Na ce ban sani ba. Na lura ƙarya da Turanci ta fi sauƙin fita.

Ba a yi mako ba zazzaɓi ya rufe Baffa, cikinsa ya ɗaga, ƙazanta ta fara fitowa a jakar fitsari. Ɗinkin ya saki. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tsinci battar wajen canza masa riga. Da likitan ya ga ƙwayoyin sai ya dafe kansa. Ya ce irin waɗannan suna kwantar da kumburi, gaskiya ne, amma suna hana ciwo warkewa da wuri, suna kuma rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Wanda ya shekara yana shansu ba a sa masa wuƙa sai an shirya, kuma ba a yanke masa su farat ɗaya, ga shi tun da aka kwantar da Baffa bai samu sha ba. Bai tambaye ni komai ba a wannan karon.

Aka sake shiga da shi, aka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa aka maƙala jaka. Mutumin da ban taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba, yau ga shi kwance bayan gidansa yana taruwa a leda a gaban kowa. Da ya farfaɗo ya ce a kira masa Iro, Malam kuma ya koma wajen 'yan makarantarsa kada a yi musu asara. Na gane korata aka yi cikin mutunci, na tattara na tafi. Baba Iro ne ya yi jinyarsa kusan mako uku, kuma a hannunsa ya cika.

Tun a zaman makoki magana ta fara. Baffa Yero ya ce likitan ɗan koyo ne, an je cire abu ɗaya ya huda wani. Wasu suka ce dama da mutanen ƙauye ake koyon yanka a birni. Duk aka juyo gare ni, tun da ni na shiga ɗakin. Na ce Allah ne masani. Ban tsaya nan ba ma, a cikin raina na ƙara da nawa zargin a kan likitan, domin ina da shi har gobe. Mutum ya yi tambaya mai tsawo, ya ji tafinta ya mayar da ita 'yar guntuwa, me ya hana shi kiran wata ma'aikaciya Bahaushiya ta sake yi? Ya ga tsoho a rame, idanu fari fat, bai yi tunanin akwai inda jini yake zuba ba? Ko ya gane sarai, ya ga layi ya yi tsawo a waje ya ce ba ruwansa? Waɗannan tambayoyin na gaskiya ne. Sai dai na yi amfani da su na lulluɓe tawa.

A cikin shekarun nan na yi ta bin ma'aikatan lafiya da tambaya, kullum da sunan wai wani mutum ne na ji labarinsa. Abin da na tattara ba shi da yawa. Akwai ciwon kumburin hanji da ba ya warkewa gaba ɗaya, yana tashi yana kwantawa, kuma ba basir ba ne. Mai irin wannan ciwo idan dajin furostet ya same shi, kowace hanya tana da nata haɗari. Gasa ciwon da hasken na'ura yana iya ƙona hanjin da dama a kumbure yake. Wuƙa kuma tana iya tarar da nama ya manne ko ya yi rauni, ɗinki ya ƙi kamawa, ciwo ya ruɓe, ko jini ya daskare a jijiya. Amma ba wai ba a yi musu aikin ba ne. In likita ya sani, yakan fara leƙa hanjin da na'ura, a jira ciwon ya lafa, a daidaita maganin, wani lokaci a kira likitan hanji ya tsaya kusa, wani lokaci ma a ga jinkiri da sa ido ya fi. Ba wanda ya taɓa ce mini lallai da an sani da mutumin ya rayu. Na so wani ya ce mini ko an sani ma ba makawa, shi ma ban samu ba.

Wani lokaci ina tunanin abin da Baffa zai ce da zai leƙo yau. Ranar kasuwar Kibiya motocin masu magani suke jeruwa da lasifika, suna kiran sunayen gaɓoɓin da ko a mafarki ba zai furta ba, mata da yara suna wucewa. Na tabbata da ko kara ba zai ƙarasa ba zai juya gida. A waya ma haka, kowa ya zama likita, kowa yana da garin da ke narkar da furostet cikin kwana kaɗan. Abin da yake ɗaure mini kai shi ne kunyar ta bar tsakiyar kasuwa amma tana nan daram a ɗakin likita. Mutumin da zai tsaya a bainar jama'a ya miƙa hannu ya karɓi ƙullin maganin basir, shi ne zai shiga asibiti da ɗansa na fari ko surukinsa a tambaye shi ya ce lafiya lau. Su masu lasifikar ban yarda da ko ɗaya ba, kuma na san Baffa da sai ya ce a zazzage masa garin a ƙasa ya tona da sanda.

Bara na tsaya sayen albasa kusa da ɗaya daga cikinsu, sai na ji yana cewa kada ka bari a yanka ka, a nan kusa aka kai wani dattijo mai shanu birni da ƙafarsa, aka farke masa hanji aka dawo da gawa. Bai kama suna ba, amma na san wanda yake nufi, kuma mutanen da ke tsaye sun sani. Suka yi ta miƙa hannu. Na tsaya da albasa a leda ina jin shiruna ya zama tallar wani. Duk da haka na koma gida ban ce wa kowa komai ba.

Bayan babbar sallar bana fitsari ya fara yi wa Baffa Yero gardama. Aka yi gwaji a kusa, aka ce ya tafi birni, ana zargin irin ciwon yayansa ne. Ya ce ko a ɗaure ba za shi ba, ya ga abin da aka yi wa Hamidu. Ya aika aka sayo masa garin masu lasifika. Na ji labarin na yi kunnen uwar shegu, ina cewa a raina ai shi babba ne, ya san abin da ya fi masa. Sai wata safiya zan fita makaranta, Habiba ta biyo ni zaure ta miƙo mini abu a naɗe cikin takarda. Ta ce, "In ka bi ta kemis. Na Baffa Yero ne." Na buɗe. Fankon ƙwayoyin nan ne, iri ɗaya, har launin rubutun.

A nan zauren na gaya mata komai, a tsaye, da jakar makaranta a kafaɗata. Da na gama sai ta ce, "Ni ma ai na sani. Da za ku tafi na so in ce ka faɗa wa likita, na ji nauyin in yi maka maganar bayan gidan ubana." Ta karɓe fankon daga hannuna ta koma ciki. Ban je makaranta ba ranar, na hau babur na nufi Unguwar Gai.

Na tarar da Baba Iro a gindin darbejiya yana tufkar igiya. Ya tsufa, haƙoran gaba sun zube, amma bakin yana nan. Na tsuguna na zayyana masa abin da ya faru a ɗakin likita, ina jiran ya ɗaga igiyar ya tsula mini. Ko tufkar bai tsayar ba.

"Na sani," in ji shi.

Na ce, "Baba, wa ya gaya maka?"

"Mai abin. Mutumin da yake gane ciwon saniya daga tafiyarta, shi ne ba zai gane an gutsure masa tambaya ba? Ya ga inda likitan ya kai hannu. Ya ce mini, Iro, yaron nan ya rufa mini asiri, kada ka bari a tona nasa. Shi ya sa na yi shiru ina jin Yero yana zagin bawan Allah."

Na ce, "To da na yi masa tambayar yadda take, da zai faɗa?"

"A gabanka? Ko za a yanka shi. Ai an yanka shi ɗin ma." Ya tofa yawu a hannu ya ci gaba da murza. "Da ni ne a wurin, ba sai an tambaye shi ba. Ni zan faɗa, har da sau nawa a rana."

Har yanzu ban san ko Baffa ya faɗi waccan maganar ba, ko Baba Iro ne ya ƙaga ta don ya sauke mini kaya. Na bi fuskarsa da kallo ban ga komai ba, taubashi kuwa gwanin shirya magana ne. In ma ƙagawa ya yi, bai sauke mini komai ba. Da a ce Baffa ya tafi yana fushi da ni, da na san inda zan ajiye abin. Godiyar ce ta fi ci mini rai.

Baba Iro ya ce shi zai je ya gaya wa Yero. Na ce a'a, wannan karon da bakina. Washegari da hantsi na sami Baffa Yero a garke an gama tatsa, yana tsaye da sandar Baffa Hamidu, wadda ya gada. Na cire takalmi na tsuguna. Na faɗi abin da likita ya tambaya, kalma bayan kalma, gudawa da jini da majina, na faɗi abin da na mayar da ita, na faɗi maganar ƙwayoyin. Na ce kuma na san shi ma yana shansu. Gumi har cikin idona. Ban taɓa furta irin waɗannan kalmomi a gaban babba ba, balle suruki.

Ya daɗe yana zane a ƙasa da bakin sandar. Sannan ya ce, "Shekara tara kana zuwa kana cin sadakarsa." Ya kaɗa shanunsa ya bar ni a tsugune.

Kwana huɗu ba labari. A na biyar Baba Iro ya kira ni ya ce in nemo mota, Yero ya yarda, amma da sharaɗi. Iro ne zai shiga da shi. Malam ya cike takardu ya tsaya a waje.

Haka aka yi. A bakin ƙofar likita Baffa Yero ya miƙo mini sandar ba tare da ya dube ni ba, suka shige. Wannan likitan Bahaushe ne, ba a bukaci tafinta ba. Ina zaune a benci ina jiyo muryar Baba Iro ta cikin ƙofa: "Likita, kada ka ji ta tasa, ƙarya zai yi maka. Tun muna samari wannan Bafillacen yake gudu zuwa bayan kara. Fito da battar, Yero, ko in sa hannu in ciro." Mutanen da ke layi suka yi ta ƙunshe dariya. Ni kuwa hawaye ne ya zubo mini, domin abin da ya kamata a ji ta cikin waccan ƙofar ke nan shekara tara da suka wuce.

An ce ba za a taɓa shi da wuƙa yanzu ba. Za a fara duba hanjin, an kuma soma rage masa ƙwayoyin a hankali ana musanya su da wani magani, daga baya a zauna a ga hanyar da ta fi. Ban san yadda za ta ƙare ba. Ban ma gama yarda da su ba, halina ne, nakan sa Baba Iro ya maimaita mini duk abin da aka ce sau biyu. Baffa Yero yana amsa gaisuwata da kalma ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba.

Kusan awa guda sandar nan ta yi a hannuna a kan bencin, na yi ta juya ta. Bakinta baƙi ƙirin ne, ya cinye, wanki ba ya fitar da shi. Shanun Baffa an raba, gonar an yanka, bukkarsa ta zama ɗakin bulo, amma wannan tana nan, kuma har yau in dabba ta rame a Durba akwai masu tsugunawa a bayanta su duba domin sun ga yana yi. Kunyarsa ma tana nan a jikin 'ya'yansa, ba kuma zan zage ta ba, ita ce ta sa gidansu ya zama gidan da na nemi aure. Abin da nake roƙon mai karatu kaɗan ne. In za a kai dattijo ɗakin likita, kada a duba wanda ya fi karatu, a duba wanda dattijon ba ya jin nauyinsa. In akwai batta a aljihu, a fito da ita. Shi kuma likitan nan, in yana raye, ina da sauran tambayoyi a kansa, amma tasa tambayar ya yi ta, ni ne ban kai ba.

Allah ya jiƙan Baffa Hamidu, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Bana bayan an watse daga addu'a na zagaya maƙabarta ni kaɗai. Na cire takalmi na tsuguna daga gefe kamar yadda na saba yi masa a hanya, na yi sallama, sannan na yi masa tambayar dukanta, yadda likita ya jero ta, ban rage ko kalma ɗaya ba. Ko a nan ma sai da na waiga in ga ko akwai mai jina.